Ku bar mai kuka yayi kukansa a gaban Ubangiji

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Jiya bayan sujada munje gaisuwa gidan wata mama 'yar zumuntar mata, wadda aka tare ɗanta a hanyar gona aka kashe sati biyu da suka wuce, har yau ba'a kama kowa ba. Tana zaune kan tabarma ta rungume hularsa tana ta cewa Ubangiji kana ina, Ubangiji kana gani kuwa? Sai wata ta dafa ta tace haba mama kiyi shiru, mai bi baya irin wannan magana. Gaskiya abun ya tsaya min a rai har na kasa bacci.

Wa ya gaya mana mai bi baya irin wannan magana? Ku buɗe Zabura 13, a aya biyu na farko kawai Dawuda ya tambayi Allah har yaushe sau 4. Annabi Habakuk da abinda ya fara littafinsa kenan, yana ta kuka kan zalunci da shari'ar da aka murɗe, yace yana kira ba'a amsa ba. Akwai littafi guda sunansa ma Makoki, sura 5 cur ana kukan Urushalima bayan Babila ta ƙone ta. Shi kansa Yesu akan gicciye da kalmomin Zabura 22 yayi kira, yana tambayar Uba don me ya yashe shi. Toh mu su waye da zamu rufe bakin uwar da ta binne ɗanta?

Abinda na lura dashi shine duk mutanen nan Allah suka kai wa ƙara, basu juya masa baya ba. Kuma amsar bata zo yadda suke so ba fa, Habakuk da ya gama kukansa ce masa akayi Kaldiyawa (mayaƙan Babila) na zuwa, wato abun zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru, amma bawan Allah ya hau hasumiya ya tsaya yana jira, can a sura 2 aka ce masa ko abun yayi jinkiri ya jira shi domin lalle zai zo.

Jira akwai ciwo, kada wani ya ruɗe ku. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka jefa shi rami suka sayar, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 kenan tsakanin bauta da kurkuku akan laifin da bai yi ba. Wurin da yafi taɓa ni shine mai shayarwar Fir'auna da ya fassara wa mafarki a kurkuku, ya roƙe shi yace in ka fita ka tuna dani, mutumin ya koma fada ya manta dashi shekara 2. Duk wanda ya taɓa jiran kiran waya daga wanda yace bari zan yi maka magana da oga ya san irin wannan.

Ku kuma samari, naji irin maganganun da kuke yi a gindin mangwaro bayan jana'izar. Na san zuciya na tafasa, nima tawa tana yi, amma Romawa 12:19 bata canza ba, ramako na Ubangiji ne. Wannan baya nufin a naɗe hannu, gwauruwar nan ta Luka 18 kullum tana ƙofar alƙalin da baya tsoron Allah har ya gaji ya bi mata hakkinta. Ku bi maganar wajen hukuma, ku sake komawa, ku dame su, amma kada hannunku ya taɓa jinin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar Laraba in Allah ya kaimu zamu koma wajen mama da yamma. Wanda zai zo don Allah ya bar wa'azinsa a gida, ya zo da ɗan hatsi ko sabulu in da hali, mu zauna da ita mu karanta Zabura 13 tare, in tayi kuka mu barta.