Agogon Yashi da Samansa a Rufe

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Akwai wani ɗan abu da kusan kowannenmu ya taɓa gani, ko da bai san sunansa ba. Wanda ya yi aiki da tsohuwar kwamfuta mai Windows ya san shi, shi ne yake fitowa idan na'urar ta ce ka jira. Yana nan kuma cikin 'yan hotunan da muke tura wa juna a WhatsApp. Kwalba biyu ce, ɗaya a kan ɗaya, siririn wuya ya haɗa su, yashi yana zubowa daga ta sama zuwa ta ƙasa. Agogon yashi ke nan. Kwanakin nan ya tsaya mini a rai ya ƙi fita, kuma in kun yi haƙuri da ni za ku ji dalili.

A birnin Siyena na ƙasar Italiya akwai tsohon zauren majalisa inda mutum tara masu mulkin garin suke zama. Tsakanin 1338 da 1339 aka sa wani mai zane, Ambrogio Lorenzetti, ya zana bangon zauren, don duk lokacin da masu mulkin suka ɗaga kai su ga kamannin mulkin adalci da na zalunci. Cikin zanen akwai wata mace da aka sa ta tsaya a madadin halin kamun kai, wato rashin wuce gona da iri, tana riƙe da agogon yashi. Shi ne hoton agogon yashi mafi tsufa da aka sani. Ku lura, farkon fitowarsa a zane, a hannun mai awo aka sa shi, kamar ana ce wa shugabannin garin: kwanakinku a mudu suke, ku auna kafin ku zubar. Shekara 10 ba ta cika da gama aikin ba, a 1348, annobar da Turawa suke kira baƙar mutuwa ta shiga Siyena ta kwashe jama'a ba adadi. A shekarar ce Lorenzetti ya mutu. Mutumin da ya zauna ya zana yashin da hannunsa bai san nasa saura nawa ba.

Daga baya sai agogon ya koma hannun mutuwa. A 1513 wani Bajamushe mutumin Nurembag, Albrecht Dürer, ya sassaƙa wani hoto a farantin jan ƙarfe. Jarumi ne sanye da sulke daga kai har ƙafa, a kan ingarman doki, da mashi a kafaɗa, karensa yana gudu a gefe. Can kusa da shi ga mutuwa a kan ramammen doki, macizai sun naɗe mata kai da wuya, ta ɗaga agogon yashi tana nuna masa. Shaiɗan yana biye a baya, ga ƙoƙon kan mutum a yashe a bakin hanya. Jarumin bai ko kalle su ba, idonsa yana gaba. Wasu sun ce ƙarfin imani ne ya sa bai waiwaya ba. Ni da na duba sai tsoro ya kama ni, don na san irin wannan rashin waiwayen. Shi ne nawa, idan an wuce da gawa ta ƙofar shago na ce Allah Ya jiƙan musulmi na ci gaba da lissafin ciniki.

A ƙarni na 17 kuwa abin ya zama sana'a guda a ƙasar Holan da makwabtanta. Suna kiran irin zanen vanitas, kalmar Latin ce mai ma'anar wofi, abin da ba ya ɗorewa. Za ka ga tebur, an zube littattafai, kuɗi, sarewa, kyandir da ya mutu yana hayaƙi, ƙoƙon kai, sai agogon yashi a gefe. Wanda ya fi shiga raina shi ne na Philippe de Champaigne, yana gidan tarihi na garin Le Mans a Faransa. Abu uku kawai ya jera a kan dutse, bayansu baƙi ƙirin: fure a cikin kwalba daga hagu, ƙoƙon kai a tsakiya, agogon yashi daga dama. Ko kalma ɗaya ba ka buƙata kafin ka gane. A tsoffin maƙabartun Sikotilan da na gabashin Amurka har fukafukai suke yi wa agogon a jikin dutsen kabari, wai lokaci tashi yake yi.

Ba hukuncin zanen mai rai ne ya kawo ni ba, wannan yana wurin malamai, kuma ban ce wani ya je ya rataya hoton ƙoƙon kai a falonsa ba. Abin da ya dame ni shi ne mutanen da ba su karanta Suratul Asri ba sun ji tsoron lokaci har suka cika bango da shi, mu kuwa muna karanta ta a salla saboda gajarta ce, mu sallame da sauri.

Amma duk kyan wannan misali, akwai wuri biyu da ya yi mana sassauci, rayuwa kuwa ba ta yi.

Na farko, agogon yashi gilashi ne. Kana kallon abin da ya rage a sama, kana iya cewa saura rabi, saura kwata. Namu samansa a rufe yake ruf. Allah Ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman, babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Jaririn goye da tsohon da ya rage haƙori biyu, babu wanda zai iya rantsuwa wane ne zai riga wani. Sau nawa majinyaci ya miƙe ya bi gawar mai jinyarsa?

Na biyu, agogon yashi ana juya shi. A jiragen ruwan Turawa na da, akwai yaro da aikinsa ke nan dare da rana. Yashin yana ɗaukar rabin awa, da ya ƙare sai ya juya ya buga ƙararrawa, juyi takwas awa huɗu ke nan, sai masu gadi su canza. Da shi suke lissafin tafiyar da suka yi a teku. Akwai ma masu ha'inci da sanyi ko barci yake damunsu, su juya kafin yashin ya ƙare don gadinsu ya yi saurin ƙarewa. Sai lissafin jirgin gaba ɗaya ya karkace, har sai rana ta tsaya tsaka a gyara. Su dai suna da damar gyara. Mu kuwa Alƙur'ani ya ba mu labarin wanda zai nemi a juya masa. A Suratul Muminun, idan mutuwa ta zo wa ɗayansu sai ya ce, ya Ubangiji ku mayar da ni, ko na aikata alheri cikin abin da na bari. Amsar kalma ɗaya ce: kalla, ina! A Suratul Munafiƙun ma bai nemi shekaru ba, ɗan jinkiri kaɗan ya roƙa don ya yi sadaka. Aka ce Allah ba Ya jinkirta wa rai idan ajalinsa ya zo.

Mu ma muna da namu zanen, kuma wanda ya fi kowa gaskiya ne ya yi shi. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya zana murabba'i mai kusurwa huɗu, ya ja layi a tsakiyarsa har ya fita waje, sannan ya ja 'yan ƙananan layuka a gefen na tsakiyar. Ya ce wannan mutum ne, wannan da ya kewaye shi ajalinsa ne, wannan da ya fita waje burinsa ne, waɗannan ƙananan kuwa su ne masifun da ke bijiro masa, in wannan ya kuskure shi wancan ya cafke shi. Ka ɗauki tsinke yau ka zana shi a ƙasa da hannunka, ɗan'uwa, ba zai ci maka minti ɗaya ba. Ka dubi layin da ya fita waje. A can filin da kake son saya yake, da auren ƙaramar 'yarka, da Hajjin da ka ce sai ka yi ritaya, da haddar da ka ce sai bayan an gama gini. Babu laifi a buri, da shi ake noma, da shi ake gina gida. Laifin shi ne ka kwashe tuba da biyan bashi da neman gafarar iyaye ka ajiye su can wajen murabba'in.

Ni yanzu wuyan agogon nake kallo. Komai yawan yashin da ke sama, ƙwaya-ƙwaya yake wucewa ta wannan ɗan maƙogwaro, kuma ita kaɗai ce a hannunka. Shi ya sa ba ma jin zubarsa. Da a ce shekara guda take faɗowa tim, da mun firgita. Amma yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Hasanul Basri, Allah Ya yi masa rahama, yana cewa: ya kai ɗan Adam, kai ba komai ba ne face kwanaki, duk ranar da ta tafi wani yankinka ne ya tafi. A hadisin Tirmizi, shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne zuwa 70, kaɗan ne ke wucewa. Shekara 60 kwana 21,900 ne. Mai barcin awa 8 ya ba barci shekara 20 a ciki. Mai ba waya awa 3 kullum, a shekara ɗaya ya ba ta awa 1,095, wato fiye da kwana 45 dare da rana. Ni ma da wayar nake rubuta muku wannan, kuma ni ne farkon wanda lissafin ya kama. Ba a banza Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ni'ima biyu mutane da yawa an yi musu kamunga a cikinsu ba: lafiya da sarari.

Kuma yashin da ya zubo ƙasa bai ɓace ba, taruwa yake yi. Masu zanen can suna kuka ne a kan abin da ya wuce, mumini kuwa ya san abin da ya wuce yana jiransa a gaba. Ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, da iliminsa, da dukiyarsa, da jikinsa. A Suratul Kahfi masu laifi za su ce, kaitonmu, me ya sami wannan littafi, bai bar ƙarami ko babba ba sai da ya ƙididdige shi. Wannan ba abin tsoro kaɗai ba ne. Raka'a biyun da ka yi ba wanda ya gani, kwanon tuwon da kika miƙa wa almajiri ta bayan ƙyaure, 'yar'uwa, suna cikin tarin, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube a waje ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin zanen Holan shi ne masu sayensa. Lokacin ƙasar tana tashen kuɗi, jiragen fataucinta suna kaiwa har gabashin Asiya. Masu hali ne suke sayen hoton da ke ce musu dukiya wofi ce, su rataya a ɗaki cikin kayan ado. Wa'azi ya zama ƙawa. Kada mu yi musu dariya. Mu ma muna ganin sanarwar rasuwa a Facebook, mu rubuta inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, yatsa bai gama ɗagawa ba ya ja sama zuwa wani abin dariya. Wannan rubutun ma yana iya zama haka, a danna masa alamar so, a tura gaba, shi ke nan.

Ga dalilin da na ce zan faɗa. Kwanakin baya kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya aiko a ce mini in zo yana son ganina. Na ce in sha Allahu ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo da biki, na gaba ya zo da aiki, na ukun ban ma tuna uzurin ba. Sai da aka bugo aka ce an kwantar da shi a asibiti na tashi a guje. Na same shi an rataya masa ledar ƙarin ruwa, tana ɗiga ɗis, ɗis, ɗis cikin 'yar robar da ke ƙarƙashinta. Na durƙusa na ce, Kawu, ni ne, sannu da jiki. Ya buɗe ido, ya gane ni, ya riƙe hannuna ya matse. Leɓensa yana motsi amma magana ba ta fita. Na kai kunnena bakinsa, ban ji komai ba sai numfashi. Na zauna ina kallon ledar nan tana raguwa, da ta ƙare ma'aikaciyar jinya ta zo ta sa wata. Na ce a raina, wannan dai ana canza ta. Kafin asuba kwanansa ya ƙare. Har yau ban san abin da yake son faɗa mini ba. Wasiyya ce, bashi ne, ko kawai kewar ɗan 'yar'uwarsa yake yi? Mako uku ya yi yana jirana da bakinsa garau. Ku taya ni roƙa masa, Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini.

Da muka dawo daga maƙabarta, ƙurar kabarin tana jikin rigata, na tuna akwai yayana da muka yi shekara biyu ba ma magana saboda rabon wata gona. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kwana uku ya ba musulmi, mu mun yi fiye da ɗari bakwai. Na ga shi ma a wurin jana'izar, muka kau da kai. Da daddare bayan Isha na nemo lambarsa, hannuna yana rawa. Wayar ta daɗe tana ƙara har na kusa kashewa, sai ya ɗauka. Na ce, Yaya, ni ne, don Allah ka yafe mini. Ya yi shiru, can ya ce, ka zo gida gobe. Na ce a'a Yaya, in ba ka kwanta ba ga ni nan zuwa yanzu.