Kada ka rufe bakin yaron da ya yi tambaya

'Yan'uwa, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu da islamiyyoyinmu, kuma tana damuna ƙwarai. Yaro ɗan shekara 15 ya zo ya durƙusa ya ce: "Baba, in dai Allah Ya riga Ya rubuta komai, me ya sa za a hukunta mai laifi?" Sai a daka masa tsawa: "Kai, rufe mana baki! Kafirci kake nema?" Yaron zai yi shiru, ya tashi. Amma tambayar tana nan a ransa, kuma da dare zai kai ta TikTok, inda wanda ba ya ƙaunar addininsa zai amsa masa da fara'a.

Ba haka Manzon Allah (SAW) ya yi ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo suka ce masa suna jin wani abu a zukatansu wanda furta shi ma yake yi musu nauyi. Ya tambaye su ko lallai sun ji hakan, suka ce eh. Sai ya ce: "Wannan shi ne tsantsar imani." Malamai suka ce wannan tsoron furtawar shi ne imanin. Bai kore su ba, bai kunyata su ba.

Ku duba Annabi Ibrahim (AS), Badaɗin Allah, a Suratul Baƙara aya ta 260. Ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu. Allah Ya ce: "Shin ba ka yi imani ba?" Ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Aka umarce shi ya kama tsuntsaye huɗu, ya sanya yankinsu a kan duwatsu, ya kira su, suka zo masa da gaggawa. Annabi ne fa guda ya nemi natsuwa, aka ba shi. Ina ga ɗanka?

Addinin nan shi ne ma yake tsare hankali daga camfi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi husufi a Madina. Mutane suka ce saboda rasuwar ne. Yana cikin jimamin ɗansa, maganar kuma ɗaukaka shi take yi, amma ya tsaya ya gyara musu: rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Kuma 'yan wuta da bakinsu za su ce, kamar yadda ya zo a Suratul Mulk, da sun kasance suna saurare ko suna hankalta da ba su shiga wuta ba.

Gaskiya ne hankali yana da iyaka. Shi ne yake kai ka ga gane Mahalicci da gaskiyar Manzo, amma ba shi zai gaya maka dalilin da ya sa Magariba take raka'a uku ba. Sayyidina Ali (RA) ya ce da a ce addini da ra'ayi ake yinsa, da ƙasan huffi, wato safar fata, ya fi cancanta a shafa wajen alwala fiye da samansa. Sai dai iyakar nan koyar da ita ake yi a hankali, da hujja. Tsawa ba ta koyar da ita.

In ba ka da amsa, ba abin kunya ba ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Ka ce wa yaron: "Ban sani ba, amma bayan La'asar mu je wurin Malam tare." Ka kuma zaɓi malamin da zai bari yaron ya gama maganarsa kafin ya amsa.