Gare ku matasa masu ci da ƙarfin jiki

Ina da kawu direban tirela, ya fi shekara 20 yana bin hanyar Kano zuwa Legas. In gajiya ta taso shi sai ya tsaya kemis a haɗa masa na ciwon jiki, ya kora da shayi mai kauri, ya jefa goro a baki, ya ɗau hanya. Bai taɓa miƙa hannu an auna jininsa ba. Kullum cewa yake lafiyarsa ƙalau, kai ne kawai ke ɗan sara masa. Yana da shekara 52, wata asuba ya zo alwala buta ta kuɓuce masa, baki ya karkace. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Yau yana zaure da sanda, mota tana hannun wani, 'ya'yansa biyu sun bar makaranta.

'Yan uwana, don Allah ku saurare ni. Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Najeriya yana ajiye aiki ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Shi ma in ciwo ya cire shi kafin lokaci, ɗan abin da ke asusun fanshonsa zai tarar, domin tun dokar 2004 abin da aka tara maka shi za ka ci. To ina ga ɗan dako a Dawanau, da mai walda, da tela, da ɗan adaidaita? Ranar da jiki ya ƙi, ranar abinci ya tsaya. Babu fansho, babu garatuti.

Ciwon da ke zaunar da mutum yana ɗan 50, tun yana ɗan 30 yake shiga, kuma ba ya sallama. Hawan jini yakan yi shekaru ba tare da wata alama ba. Awonsa bai kai minti biyar ba. In aka yi ta samun 140 bisa 90 ko sama da haka, a ga likita, a riƙe magani ko da an ji sauƙi. A rage gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyin ciwon jikin nan, irin su diclofenac da ibuprofen, da samari ke haɗiya kullum kamar gyaɗa. Yawan shansu yana cin ƙoda, yana kawo gyambon ciki. Wanda ƙodarsa ta tsaya kuwa wankin ƙoda yake buƙata sau biyu ko uku a mako, kuma na ga gidan da aka sayar da gona saboda shi.

Mun yi imani ciwo daga Allah yake, amma neman magani ma umarni ne. Tun 2019 akwai tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, ku tambaya, ku riƙa jefa ɗan abin da ya samu.

Jiya da na je gaishe da kawu, ya riƙe ni da hannun hagu ya ce in kai babban ɗansa a auna shi, don ya fara bin mota. Gobe da safe za mu je, in sha Allah.