Filaza ta cinye filin ƙwallon yara a tsakiyar Dutse

Satin da ya wuce na bi ta wani layi a tsakiyar Dutse da na kwana biyu ban bi ba, sai na tarar filin da yaran unguwar ke buga ƙwallo bayan la'asar an zagaye shi da bulo, an jibge yashi da rodi. Mai shayin bakin layin ya ce min filaza za a yi, shaguna sama da ƙasa. Na ce to yaran fa? Ya nuna min kwalta da haɓa, ga su can sun aje takalma biyu a matsayin raga, duk mashin ɗin da ya taho sai a tsayar da wasa.

Abin da ya fi ban haushi shi ne Dutse ba Kano ba ce, ba mu da matsin fili. Lokacin da Babangida ya cire Jigawa daga Kano a Agustan 1991, garin bai wuce Garu da 'yan unguwannin da ke gindin duwatsu ba. Zamanin Gwamna Saminu Turaki ma ma'aikatu a warwatse suke a Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, ma'aikata da dama a Kano suke kwana, su yi sammako ta Wudil su zo su sa hannu su juya. Sai daga 2007 Sule Lamido ya tattaro ma'aikatun, aka gina sabuwar sakatariya, aka yi filin jirgi, jami'ar tarayya ta zo a 2011 da ɗalibanta da malamanta da masu sayar musu da abinci. Yanzu mutane a cikin garin suke kwana, a nan suke haihuwa, a nan suke yaye. Amma masu ba da izinin gini har yau kallon tsakiyar gari suke kamar wurin da ake zuwa da safe a yi banki a yi cefane a watse ƙarfe huɗu.

Kuma wai da wane lissafi ake aiki? Ƙidayar ƙarshe a ƙasar nan 2006 aka yi ta, kafin Lamido, kafin jami'a. Ta 2023 gwamnatin Buhari ta ɗage ta saura kwanaki a fara, shiru kake ji. Jaririn da aka ƙirga a zanin goyo a 2006 yau ya isa yankar katin zaɓe, wata ma tana ɗakin mijinta da nata goyon, amma da waccan tsohuwar takardar ake cewa ajujuwan da ke cikin gari sun wadatar.

Ku leƙa makarantun kuɗin da suka cika lungunan nan ku gani. Gidan haya ne mai ɗaki uku, an liƙa allo mai dogon suna na Turanci, falo shi ne aji ɗaya, kicin ya zama ofishin hedimasta, in aka kaɗa ƙararrawar tara da rabi yara su fito su tsaya cirko-cirko a tsakar gidan da bai fi tabarma huɗu ba, janareton mai walda na maƙwabta na ta ɓarin hayaƙi. A watan Afrilu, da zafin nan da ke haura 40, babu ko darbejiya ɗaya da yaro zai raɓa. Iyaye na biyan kuɗin zango suna murna saboda yaro ya iya gaisuwa da Turanci. Firamaren gwamnati ita ce mai fili, ita ma katangarta aka sa wa ido, kowa na auna shago nawa za su fita a jikinta. Dandalin Aminu Kano kuwa na rantsar da gwamna ne da fareti, ba inda uwa za ta kai 'ya'yanta su huta ranar Asabar ba.

Masu cewa ai shaguna haraji ne da aikin yi, su ɗaga kai su ƙirga shagunan saman bene nawa ne a rufe an manna takardar neman ɗan haya.

Mun dai ga yadda ta kaya a Kano. Zamanin Ganduje aka zuba shaguna a Filin Idi da jikin badala da harabar makarantu, Abba Kabir Yusuf ya hau a 2023, cikin satin farko katafila ta fara rusau, 'yan kasuwa suka tafka asara, aka kwashi jiki aka tafi kotu. An yi kuskure wajen ginawa, an yi ɓarna wajen rushewa, kuma ba aljihun waɗanda suka sa hannun ne ya yi kuka ba. Haba jama'a, gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta kai kuma kana shafa wa naka fetur?

Dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa duk filin da ke cikin birni, don haka Gwamna Malam Umar Namadi ba ya buƙatar kwamiti mai mutum talatin. A ware filayen da suka rage a Takur da Fagoji da Yalwawa, a rubuta a doka cewa ba na sayarwa ba ne, a dasa itatuwa. Masu unguwanni su bi gida-gida su ƙirgo yaran da suka isa shiga aji ɗaya, su ai sun san kowa da kakansa. Kuma duk makarantar da ba ta da inda yaro zai yi gudu ko na taku ashirin, kar a sabunta mata lasisi bana.