Waƙar da aka manna a jikin firji

Maƙwabciyata ce, wata tsohuwar Baturiya a nan Linkon ta jihar Nebraska, ta kira ni shan shayi bayan na kwashe mata ƙanƙarar ƙofar gida. A jikin firjinta na ga guntayen jarida, duk sun yi jaja-jaja don tsufa, kowanne an danne shi da ɗan maganaɗisu mai siffar masara. Na ce mene ne wannan, ta ce waƙoƙi ne. Sai ta dube ni da murmushi ta ce, ku ma a yarenku ana rubuta waƙa? Wallahi shayin bai ƙara yi mini daɗi ba.

Wanda ya zaɓo waƙoƙin sunansa Ted Kooser, an haife shi a 1939 a jihar Ayowa. Sama da shekara 30 yana aikin inshora a garin nan har ya kai mataimakin shugaban kamfani, amma kullum tun kafin asuba yake tashi ya yi rubutu, sannan ya ɗaura lakataye ya tafi ofis. Ya ajiye aikin a 1999 bayan jinyar ciwon daji. A 2004 Laburaren Majalisar Amurka ya naɗa shi babban sha'irin ƙasa, a 2005 ya ci babbar kyautar marubuta ta Pulitzer, a lokacin kuma yana koyar da waƙa a Jami'ar Nebraska. A shekarar ce ya fara zaɓo gajeriyar waƙa ɗaya duk mako yana ba jaridu kyauta, su ne tsohuwar ke yankewa da almakashi. Daga baya ya miƙa aikin ga Kwame Dawes, haifaffen Gana.

Gaskiya ɗaya ce, Amurkawa sun iya riƙe mutanensu. Sha'iri yana da ofis da albashi da ɗalibai, takardun da ya yaga ma akwai mai adana su. Mu kuwa, littattafan waƙa nawa gara ta cinye a zaure?

Amma na je wurin karatun waƙa a garin nan, na ga abin da idona. Kujeru a jere, kofi a kofin takarda, mai waƙa ya sunkuyar da kai yana karantawa kamar takardar asibiti. Ba kari, ba amsa-amo, ba mai amshi. In ya kai ƙarshe sai a yi wani ɗan "hmm" ta hanci, a tafa a hankali. Na yi tari sau ɗaya, mutum uku suka waiwayo. Wannan ai zaman makoki ne. Ina za a haɗa da Aƙilu Aliyu yana rerawa a rediyo, mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu?

Kakata ba ta san baƙi ba, amma baitocin Aliyu Namangi na bakinta, tana tankaɗe tana yi. Abin da na so in faɗa wa tsohuwar ke nan, in rera mata ko baiti biyu. Na buɗe baki, ɗango na farko ya zo, na biyu ya ƙi. Da daddare na kira yayata a Zariya, ta yi ta dariya, ta ce sai ta tambayi Inna. Ɗana yana gefe yana jinmu, ya tambaye ni da Turanci me muke cewa.