Bai Kamata Jami'a Ta Mayar da Ƙaramin Kamfani Saniyar Tatsa Ba

A fannonin fasaha masu tasowa, irin su sarrafa ƙwayoyin halitta domin haɗa magunguna, sababbin dabaru da yawa daga ɗakunan binciken jami'o'i suke fitowa, amma sau da yawa ƙananan kamfanoni ne ke da ƙarfin halin kai su kasuwa, domin babban kamfani ba ya gaggawar zuba jari a abin da ribarsa ba ta tabbata ba. A ganina, abin da ya fi gurgunta wannan haɗin gwiwa shi ne yadda wasu jami'o'i ke tsawwala sharuɗɗa, su nemi kaso mai tsoka a kamfanin da ko albashin ma'aikatansa bai gama tsayawa ba, sannan su ja tattaunawa na tsawon watanni alhali jarinsa yana ƙarewa.

A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bai wa jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin tarayya, amma doka kaɗai ba ta haifar da masana'anta. Abin da Jami'ar Stanford ta yi da dabarar haɗa ƙwayoyin gado ta masana kimiyya Stanley Cohen da Herbert Boyer ya fi cancantar nazari. Ba ta damƙa lasisin amfani da dabarar ga kamfani guda ba. Ta buɗe shi ga ɗaruruwan kamfanoni bisa kuɗi mai sauƙi, kuma kafin wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare a 1997, an tara sama da dala miliyan 250. Sassaucin bai jawo mata asara ba, kuma kamfanonin da ba su da ƙarfi sun sami shiga.

Masu kare jami'o'i suna cewa bincike yana cin kuɗi, kuma dukiyar jama'a ce, don haka bai dace a bayar da sakamakonsa a ɓagas ba. Gaskiya ne, sai dai haƙƙin mallakar da ke jibge a ofis ba ya amfanar da jama'ar da suka biya kuɗinsa.

Inda ya wajaba jami'a ta tsaya kai da fata shi ne batun wallafa sakamakon bincike. Kamfani yana son sirri, ɗalibin digirin digirgir kuwa ba zai kammala ba sai ya fitar da aikinsa. Ya kamata tun a yarjejeniyar farko a ƙayyade jinkirin 'yan watanni domin a yi rajistar haƙƙin mallaka, bayan haka kuma kada kamfanin ya sami ikon hana wallafawa.