A caji ofis talaka yake buƙatar lauya, ba bayan an kai shi Kuje ba

A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya je gidan gyaran hali na Kuje ya ƙaddamar da shirin sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasar nan, mutanen da ba abin da ya riƙe su sai tara ko diyyar da suka kasa biya. Naira miliyan 585 aka tattaro daga kamfanoni da masu hannu da shuni. An yaba, kuma abin yabo ne. Amma in aka raba kuɗin da yawan mutanen, kason kowa bai kai Naira dubu 150 ba. A kan abin da wani ke kashewa a cin abincin dare ɗaya a Maitama aka raba magidanta da iyalansu. Ni dai ihu bayan hari na ɗauki wannan taimako. Mutum nawa ne a cikinsu suka ga lauya kafin a yanke musu hukunci?

Dokarmu ta fi tausaya wa mai babban laifi. Wanda ake tuhuma da abin da hukuncinsa kisa ne, dole kotu ta samar masa lauya in ba shi da shi. Wanda aka kama da zargin satar waya, ko faɗa a tasha, ko talla a bakin titi, ko shiga da babur inda aka hana acaba tun 2006, Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce yana da ’yancin kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so. To mai tura baro a kasuwar Dei-Dei da me zai ɗauka?

Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare a Wuse ko Karu ko Kubwa ya san yadda ake yi. A karanta takardar tuhuma da Turanci, tafinta ya taƙaita ta da Hausa a jimla biyu, a tambayi mutum ya amsa ko bai amsa ba. Tun a sel wani ya riga ya raɗa masa cewa in ya amsa za a ci shi tara ya tafi gida, in ya musa kuwa sai Kuje ko Suleja. Sai ya amsa, ko ya aikata ko bai aikata ba. Tarar ta zo ta fi ƙarfinsa, ya tafi inda yake gudu, ga tambarin tsohon fursuna da zai bi shi duk inda ya nemi aikin gadi ko direba. In ya musa, a ba da belinsa da sharaɗin kawo ma’aikacin gwamnati ko mai gida a Abuja ya tsaya masa. Wanda ya zo ci-rani daga Bakori ko Gumel, yake kwana a kango a Mabushi, ina zai samo shi? Haka zai yi ta zaman jiran shari’a har ya wuce wa’adin da za a ɗaure shi da a ce an same shi da laifin. Ba mamaki kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari’a ne.

Abin takaici, ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Hukumar ba da tallafin shari’a ta ƙasa tana nan tun 1976, hedikwatarta a nan Abuja, kuma dokarta ta 2011 ta ce hidimarta ta wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ce, wanda yanzu Naira dubu 70 ne. Dokar gudanar da shari’ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, ta wajabta wa ɗan sanda ya sanar da wanda ya kama cewa yana iya yin shiru har sai ya ga lauya, kuma yana iya samun na kyauta. Ta haramta kama wani a madadin wani, ta haramta kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ta yarda mace ta tsaya wa mutum beli, ta umarci majistare ya riƙa leƙa caji ofis duk wata, ta kuma ba alƙali damar yanke hukuncin yi wa al’umma hidima maimakon ɗauri. Laifin yawon gararamba ma an soke shi tun 1989. Sai dai duk waɗannan ba sa tashi su yi magana da kansu. Sai an samu wanda ya san su ya miƙe ya ce, “Ya mai shari’a, a duba sashe kaza.” Wannan shi ne aikin lauya a ƙaramar shari’a, kuma sau tari bai wuce na rabin sa’a ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. Matar da aka fizge wa jaka a cikin tasi a hanyar Nyanya ba za ta ji daɗin a ce da kuɗin harajinta za a ɗaukar wa ɓarawo lauya ba. Amma lauya ba ya hana a hukunta mai laifi, yana hana a hukunta wanda aka tsinta a samame ne a madadinsa, alhali ɓarawon na gaske yana can yana jiran wata jakar. Masu cewa babu kuɗi kuma su lissafa abincin fursuna na wata shida, da man motar kai shi kotu, da zaman da ake ɗagewa saboda ɗan sanda mai bincike bai zo ba. Gwamnati tana biya, a wurin da ba ya amfani ne kawai take biya.

Don haka a matso da lauyan kusa. Akwai tsarin lauyoyin da ke zama a ofisoshin ’yan sanda, wanda rundunar da kanta ta amince da shi a umarninta mai lamba 20, amma yawancinsa a wuyan ’yan sa-kai da ƙungiyoyi masu jiran tallafin waje yake. Abuja cike take da lauyoyi, ga makarantar horar da su a Bwari, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake jibgewa a ma’aikatu suna ɗaukar fayil. Ya kamata hukumar birnin ta ware kuɗi a kasafinta, a sa lauya ɗaya mai jin Hausa a kowace kotun majistare da kotun tafi-da-gidanka duk ranar da ake gurfanar da mutane, Babban Jojin Abuja kuma ya ba da umarni kada a karɓi amsa laifi daga wanda ba shi da lauya sai ya keɓe da wannan lauyan tukuna. Kotu huɗu ko biyar sun isa a fara gwaji, bayan shekara a ƙirga mutum nawa aka tura Kuje daga cikinsu, a gwama da na bara.